Idan likita ya ce maganin ya daina yi: kansar mama da ta shiga ƙashi

Ranar da likita ya ɗago kai daga kan hoton goggona ya ce "Mama, wannan maganin da kike sha ya daina yi," wallahi abin da ya zo min a rai shi ne an sallame mu kenan, mu koma gida mu zuba wa sarautar Allah ido. Ita kuwa ko uffan ba ta ce ba, hannunta dai na dafe da ƙugu kamar yadda ta saba tun da ciwon bayan ya fara. Sai da muka fito waje ta ce min "ɗan nan, ka dai ji abin da ya ce ko?" Na kasa ba ta amsa saboda ni ma fassarar da ta yi masa ita na yi. Ashe abin da yake nufi shi ne magani guda ya gama nasa aikin, akwai wani a bayansa, sannan ciwon ƙashin nan da ya hana ta barci yana da nasa maganin daban wanda ba sai an jira kansar ta lafa ba kafin a fara shi. Wannan na biyun shi ne abin da har yau nake jin zafin rashin saninsa da wuri, don ta sha makonni tana juyi a kan gado muna ce mata ta yi haƙuri sabon maganin zai kama.

To bari a faro daga tushe. Idan kansar mama ta bar nono da kaluluwar hammata ta tafi wani wuri mai nisa a jiki, ita ake kira mataki na 4. Kuma ƙashi ne masaukinta na farko a yawancin lokuta, kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan matakin ana samun ta a ƙashinsu, musamman ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari da saman cinya da dantse, wani lokaci har ƙoƙon kai. Mutane da yawa suna cewa "ta koma kansar ƙashi", amma ba haka ba ne, har yanzu ƙwayoyin kansar mama ne suka yi ƙaura, shi ya sa maganin kansar mama ake ba su. Tun a 1889 wani likita a Ingila mai suna Stephen Paget ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da wannan cuta ta kashe, ya ga ba ko'ina take sauka ba, akwai gaɓoɓin da take zaɓa, sai ya kwatanta ta da iri da ƙasar noma, iri na iya faɗawa ko'ina amma inda ƙasa ta karɓe shi nan yake tsirowa. Ɓargo irin wannan ƙasar ce. Ƙwayoyin na iya laɓewa a ciki su yi lamo shekara biyar, goma, har ashirin bayan an yi tiyata an ce an warke, musamman nau'in da ke rayuwa da homon, wato sinadarin mata da jiki ke fitarwa irin su istirojin.

Me ya sa yake ciwo haka? Ƙashi ba busasshen abu ba ne kamar yadda muke ganinsa, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo a cikinsa, akwai ƙwayoyi masu rushewa akwai masu gini kuma aikinsu a daidaite yake. Kansar tana zuwa ta saki sinadaran da ke sa jiki ya ƙara fitar da wani saƙo da ake kira RANKL, shi kuma ya zuga masu rushewa su yi ta cin ƙashi, ƙashin da aka cinye ya saki abubuwan da ke ciyar da kansar, ta ƙara girma ta ƙara zuga su, haka abin ke ta zagayawa. Ƙashi ya rarake, fatar da ta lulluɓe shi mai cike da jijiyoyi ta miƙe, ga kumburi, ga 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani. Shi ya sa ciwon kala-kala ne. Akwai mai nuƙurƙusa da ba ya tafiya ko an kwanta, ya fi tsanani da dare. Akwai na motsi, mutum yana zaune lafiya lau amma da ya yunƙura zai tashi sai ka ji ya yi ƙara. Akwai kuma na jijiya, mai zafi kamar wuta ko kamar an ja lantarki daga baya zuwa ƙafa. Ku riƙe wannan bambancin don kowanne da abin da yake ji.

Gaskiyar da ba na son in ɓoye ita ce a wannan matakin yawanci ba a maganar warkewa kwata-kwata. Ana maganar danne cutar ne, a tsawaita rai a kuma sa ranakun su zama masu daɗin zama. Amma danniyar nan tana iya kai shekaru, kuma wadda tata ta tsaya a ƙashi kaɗai ba ta taɓa hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa ba ta fi samun tsawon lokaci a mafi yawan lokuta.

Dalilin da magani ke daina yi kuwa, ƙari guda ɗaya ƙwayoyi ne biliyoyi kuma ba duka suke iri ɗaya ba. Magani ya kashe waɗanda ya fi ƙarfi, 'yan tsirarun da suka jure su hayayyafa su cike gurbin, kamar ciyawar da aka yi wa feshi ta mutu saura wasu 'yan tsiro masu taurin kai, baɗi su ne za su cika gonar. Ba sakacin mara lafiya ba ne, kuma ba wai maganin farkon jabu ne ko kuskure ba. Na faɗi haka ne don na ga yadda goggo ta yi ta lissafin ranakun da ta makara shan ƙwaya tana ɗora wa kanta laifi.

Kafin a canza magani likita mai natsuwa yakan tabbatar da gaske ya daina yin. Akwai wani abin ruɗani da hoton ƙashi ke yi, a watannin farko na sabon magani sai hoton ya nuna kamar abin ya ƙaru alhali ƙashin ne ke gyaruwa. Haka gwajin jinin nan na CA 15-3, hawansa shi kaɗai bai isa a yar da maganin da mutum ke jin daɗinsa ba, sai an haɗa da hoto da kuma yadda jikin yake. Idan ta tabbata, sau da yawa ana so a sake ɗebo tsoka daga sabon wurin a gwada, saboda kansar kan sauya hali, wadda aka gwada shekaru shida da suka wuce ba lallai ta zama ita ce ta yau ba. Abu uku ake dubawa, ko tana da makamar homon na istirojin da firojestaron, wato wurin da homon ɗin ke maƙalewa a jikin ƙwayar kansar ya ciyar da ita, ko tana da furotin ɗin HER2 da yawa, ko kuma ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Amsar nan ita ke zaɓar hanya.

Kusan kashi 70 cikin 100 masu makamar homon ne, kuma su suka fi son ƙashi, don haka a nan zan fi daɗewa. Dabarar tsohuwa ce, a yanke wa cutar abincinta. A 1896 George Beatson a Gilasgo ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai kansar da ta yi nisa mabuɓɓugar ƙwanta, ƙarin ya ja baya, tun kafin a san mene ne istirojin. Yau ana yi da allurar da ke tsayar da al'ada ko tiyata ga wadda ba ta daina ba, sannan ga ƙwayoyi irin su tamoxifen da letrozole da anastrozole da exemestane (sunayen magunguna zan bar su yadda suke a jikin kwali don a gane su). Babban sauyi ya zo a 2015 da Amurka ta amince da palbociclib, ribociclib da abemaciclib suka biyo baya a 2017, su suna taka wa rarrabuwar ƙwayar kansa birki ne. A gwajin palbociclib, matan da aka haɗa musu shi da letrozole sun yi kusan wata 25 kafin cutar ta motsa, masu letrozole kaɗai kusan wata 14 da rabi. Kowanne da nasa wahalar, palbociclib yana rage fararen ƙwayoyin jini shi ya sa ake sha kwana 21 a huta 7 ana duba jini, ribociclib sai ana duba bugun zuciya, abemaciclib kuma gudawa.

To idan waɗannan ma suka gaza fa? Nan ne ake neman sanin ta wace ƙofa cutar ta zille. Wani lokaci makamar homon ɗin ce da kanta ta sauya, abin da ake kira sauyin ESR1, ta koma tana aiki ko babu istirojin, kenan rage istirojin ya zama aikin banza, sai dai a lalata makamar. Aikin fulvestrant kenan, allura ce a ɗuwawu sau ɗaya a wata bayan na farko-farko, sai elacestrant na sha da aka amince da shi a 2023 don masu wannan sauyin, kuma ana iya gano sauyin ta gwajin jini. Wasu kuma, kusan kashi 40 cikin 100 na wannan rukunin, suna da sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira PIK3CA, su akwai alpelisib na 2019 da capivasertib na 2023, sai dai suna iya ɗaga sukarin jini sosai, mai ciwon suga sai an yi taka-tsantsan. Akwai everolimus da ake haɗawa da exemestane tun 2012, shi kuma gyambon baki ne matsalarsa. Wadda ta gaji sauyin ƙwayar halitta ta BRCA1 ko BRCA2 daga iyaye tana da olaparib ko talazoparib. Na san sunayen sun yi yawa, ba don a haddace na jero su ba, don dai a ga cewa bayan "ya daina yi" akwai ƙofofi da dama kuma gwaji ne ke nuna wacce za a ƙwanƙwasa.

Masu HER2, kashi 15 zuwa 20 cikin 100, su ne labarinsu ya fi sauyawa. Da can ita ce mai saurin kisa, sai trastuzumab ya fito a 1998, aka ƙara masa pertuzumab a 2012, a gwajin da aka kira CLEOPATRA rabin matan da suka samu haɗin sun haura wata 56 a raye. In wannan ya gaza akwai trastuzumab deruxtecan, wanda aka ɗaura wa kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin kansa kai tsaye, a jikinsa ya kai shi har cikin ƙwayar kansar, a 2022 ma aka ga yana yi wa masu HER2 ɗan kaɗan waɗanda a da ake cewa ba su da shi. Yana iya kumbura huhu, don haka sabon tari ko haki ga mai karɓarsa ba abin a bari sai ranar ganin likita ba ne. Waɗanda ba su da ko ɗaya cikin ukun su suka fi wuyar sha'ani, kemo ne ginshiƙinsu, wasu a haɗa musu da pembrolizumab idan gwaji ya nuna zai yi, sai sacituzumab govitecan daga 2020.

Sai kemo kansa, wanda mutane ke tsoro tun daga sunansa. A wannan matakin yawanci guda-guda ake bayarwa, in wannan ya gaji a ɗauko wancan, ba a tara su a narka wa mutum ba sai in cutar na gudu a hanta ko huhu ana neman a tare ta da gaggawa. Capecitabine ƙwaya ce ana sha a gida kwana 14 a huta 7, ba kasafai yake zubar da gashi ba amma tafin hannu da na ƙafa kan yi ja su tsattsage. Paclitaxel ta ƙarin ruwa ne, yana sa yatsu su yi ta dindiris. Akwai eribulin, vinorelbine, gemcitabine, carboplatin. Doxorubicin yana da iyakar da ba a wucewa a duk tsawon rayuwa saboda zuciya, shi ya sa takardun tsohuwar jinya suke da muhimmanci, kar a yar da su ko sun yi shekara goma. Kuma ni a ganina ya kamata a riƙa faɗa wa iyalai cewa sababbin magungunan nan ba kowa ke iya kai wa gare su ba kuma ba ko'ina ake samunsu ba, rashin samunsu ba ya nufin an rasa komai, tsofaffin nan da aka yi shekaru ana amfani da su suna aiki, wani lokaci ma da sauƙin wahala.

Duk wannan ɓangare guda ne. Kowane sabon magani yana ɗaukar makonni ko watanni kafin a san ya kama, ƙashi kuwa yau yake ciwo. Nan ne muka yi kuskure, kuma nan nake ganin ake yawan yinsa.

Akwai magungunan da aikinsu kare ƙashin ne kawai, su ɗaure hannun masu rushewar nan. Zoledronic acid, miligiram 4 ta jijiya a cikin abin da bai gaza minti 15 ba, da ana yi duk sati 3 ko 4, sai wani babban gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna yin sa duk sati 12 bai gaza ba, wannan sauƙi ne babba ga wadda hawa mota kaɗai azaba ne gare ta. Sai denosumab, miligiram 120 a ƙarƙashin fata duk sati 4, shi RANKL ɗin nan yake toshewa kai tsaye, kuma ya fi dacewa da mai raunin ƙoda. Suna rage karaya da buƙatar tiyata, suna rage ciwo a hankali, amma ba maganin ciwon daren yau ba ne. Kafin a fara a je a ga likitan haƙori, don cire haƙori bayan an fara na iya jawo wani mugun rauni a muƙamuƙi da ke ƙin warkewa. Ana haɗawa da kalsiyam da bitamin D in ba kalsiyam ɗin jini ya riga ya hau ba, kuma denosumab ba a yanke shi haka kawai ba shawara, ƙashin baya kan rama da karyewa.

Gashi kuwa, wato gasa wurin ciwon da hasken inji a asibiti (radiotherapy), ni dai ban ga abin da aka raina kamarsa ba. Idan ciwon a wuri ɗaya ko biyu yake, mutum zai iya nuna shi da yatsa, to gashi na cikin abubuwan da suka fi yi. Kusan mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ciwon wurin ya tafi gaba ɗaya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sau da yawa zama ɗaya tak ya isa, gire 8 (gire shi ne ma'aunin hasken) a rana guda, gwaje-gwaje da dama sun nuna sauƙin da yake bayarwa daidai yake da na gire 30 a zama goma, bambancin dai masu zama ɗaya sun fi komawa a maimaita musu. Na ga na goggo. Aka zana mata 'yan alamu a fatar ƙugu, ta kwanta, injin ya zagaya, abin bai kai minti goma sha biyar ba har da gyara kwanciya, ta fito tana tambayata "an fara ne?" Kwana biyu bayan nan ciwon ya ƙaru har muka tsorata, ashe hakan na faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin uku kuma yana wucewa, likitoci kan ba da dexamethasone saboda shi. Wajen sati na uku na shigo na tarar ta sauko daga gado da kanta tana neman takalminta. Idan wuraren sun yi yawa sun warwatsu akwai allurar sitirontiyam-89 ko samariyam-153 da ke bin jini su sauka inda ƙashi ke ciwo, sai dai suna taɓa ɓargo, shi ya sa ake auna su da kemon da ke gaba.

Ƙashin cinya ko na dantse da ya rarake sosai ba a jira ya karye. Ciwon da ke zuwa duk sanda aka taka ƙafa gargaɗi ne, likitocin ƙashi suna da ma'auninsu na Mirels tun 1989 da suke kimanta haɗarin, in ya yi yawa a sa ƙarfe a ciki tun kafin, ya fi sauƙin jinya nesa ba kusa ba. Ƙashin baya da ya lotsa kuma ana iya cusa masa wani siminti na asibiti ta allura. Tausa mai ƙarfi ko jan gaɓa a irin wannan ƙashi haɗari ne.

Yanzu morfin. Da aka fara ambata shi a gidanmu sai kowa ya yi tsit, wani ya ce ai na masu gargara ne, wani ya ce za ta kamu da shi. Ni ma na yi jinkiri, Allah ya yafe min. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin nan na maganin ciwon kansa, a fara da irin su parasitamol, in bai yi ba a hau sama har zuwa morfin, kuma in ciwon mai tsanani ne tun farko ba dole sai an bi matakan ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙa'idar da ta fi komai ita ce a sha da agogo, kar a jira ciwo ya taso tukun, don ciwon da aka bari ya miƙe ya fi wuyar kwantarwa. Mai saurin aiki duk awa 4 ne, mai jinkiri duk awa 12, sannan akan ware wani ɗan ƙari, wajen kashi ɗaya cikin shida na adadin yini, don ciwon da ke kutsowa a tsakani. Likita ne ke tsara adadin yana ƙarawa a hankali, babu wani adadi guda da ya dace da kowa, mai ciwon ƙoda ma akan canza masa wani. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mana dabarar da ta canza mana safiya, ta ce "ku ba Mama na ƙarin nan rabin awa kafin wanka, ba bayan ta gama kuka ba." Muka manna takarda a bango muna rubuta lokaci da adadi da kuma lambar ciwo daga 0 zuwa 10, ranar ganin likita takardar ce ke magana.

Jin barci da tashin zuciya na kwanakin farko yawanci suna wucewa. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka maganin sassauta ciki tare suke farawa rana ɗaya. Jiki ya saba da magani har ya zama ba a yanke shi farat ɗaya daban ne da jaraba, kuma morfin da aka auna daidai da ciwo ba ya gajarta kwana. Ga wadda ba ta iya haɗiya akwai fentanil na mannawa a fata da ake canzawa duk awa 72, kar a ɗora masa abu mai zafi don yana sa maganin ya kwarara da yawa. Ibuprofen da diclofenac suna taimakon ciwon ƙashi amma suna cin ciki da ƙoda, ba a mai da su abincin kullum ba tare da likita ya sani ba. Ciwon jijiyar nan mai kama da lantarki kuma morfin kaɗai ba ya gamawa da shi, akan ƙara gabapentin ko pregabalin ko amitriptyline. Duk wani haɗin ganye ko ƙarin magani da ake sha a gefe a faɗa wa likita, wasu suna rage ƙarfin maganin kansa wasu suna ƙara masa dafi.

Akwai abu biyu da ba sa jiran wayewar gari. Na farko ƙari ya danne laka. Alamarsa sabon ciwon baya mai tsanani, wani lokaci kamar an ɗaura ɗamara a ƙirji ko ciki, yana ƙaruwa da tari ko kwanciya, ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, fitsari ya riƙe ko ya zubo ba a sani ba. Wannan asibiti ne a take, a yi hoton MRI cikin awa 24, a ba da dexamethasone, a yi gashi ko tiyata, saboda wadda aka kai tana iya takawa ita ta fi samun ci gaba da takawa, wadda ƙafar ta riga ta mutu kwanaki da wuya ta dawo. Na biyu kalsiyam ya cika jini saboda ƙashin da ke narkewa, sai ƙishirwa da yawan fitsari da taurin ciki da amai, mutum ya rikice yana magana ba kai. Iyali kan ɗauka ƙarshe ne ya zo ko morfin ne ya yi yawa, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna, ƙarin ruwa da zoledronic acid su dawo da mutum hayyacinsa cikin 'yan kwanaki.

Masu kula da sauƙaƙa ciwo, waɗanda aikinsu kenan, bai kamata a ajiye su sai an gama da kemo ba. Cicely Saunders da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967 ta daɗe tana nuna cewa ciwon mai kansa ba a jiki kaɗai yake ba, tsoro da tunanin 'ya'ya da rashin barci duk suna ƙara masa nauyi. A 2010 wani gwaji a Boston a kan masu kansar huhu da ta yi nisa ya nuna waɗanda aka haɗa da irin wannan kulawa tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, sun ma fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9. Ba kansar mama ba ce, amma ya isa ya kore tunanin cewa kiran su sallamawa ne.

Kuma lokaci na iya zuwa da magani na gaba wahalarsa ta fi amfaninsa, musamman in jiki ya yi rauni har mutum ya fi yini a kwance. Kowane sabon magani yawanci yana riƙewa ƙasa da wanda ya gabace shi, wannan haka yake. Hakkin mara lafiya ne ta tambaya kai tsaye, "likita, wannan cikin mutum goma nawa yake yi wa, na tsawon wane lokaci, me zai hana ni yi, in na ce a'a me zai faru?" kuma a ba ta amsa ita kanta, ba a ja 'ya'yanta gefe ana raɗa ba. Goggo ta karɓi fulvestrant, daga baya capecitabine, da aka zo na gaba ta yi waɗannan tambayoyin ta saurara har ƙarshe sannan ta ce "likita, na gode, wannan kam a bar shi, amma kar a taɓa min maganin ciwona." Ba a taɓa ba. Aka ci gaba da morfin ɗinta da agogo, aka sake gasa mata haƙarƙari da ya taso, takardar nan ta bango muka canza ta sau huɗu, kuma mafi yawan lambobin da ke jikin ta ƙarshen 2 ne da 3.